Mayosis: tambayoyi da amsoshi kan rabuwar da ke samar da ƙwai da maniyyi

Ɗalibai da yawa suna iya jero furofes, metafes, anafes da telofes ba tare da sun ja numfashi ba. Amma da ka tambaye su me ya rabu da me a anafes ta farko, sai aji ya yi tsit. Sunayen matakan duk suna cikin wannan shafi, sai dai an fi ba da ƙarfi ga abin da kuromosom ke yi a kowane mataki da dalilin yin sa. Wanda ya kama wannan, ko sunan mataki ya kuɓuce masa a ɗakin jarrabawa, zai iya zana abin da ke faruwa.

Mene ne mayosis?

Wata irin rabuwar ƙwayar halitta ce da ba ta faruwa ko'ina a jikin mutum sai a gaɓoɓin haihuwa, wato marainan namiji da gidan ƙwai na mace. A tsirrai masu fure kuwa, cikin furen take faruwa. Ƙwaya ɗaya mai cikakken adadin kuromosom takan kwafi DNA ɗinta, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanin gado, sau ɗaya, sannan ta rabu sau biyu a jere. Tunda kwafi ɗaya aka yi, rabuwa kuma biyu, sai a tashi da ƙwayoyi huɗu, kowacce da rabin adadin da aka fara da shi. A jikin ɗan Adam ana farawa da 46, a ƙare da 23.

Shi kuromosom dogon zaren DNA ne da aka naɗe da furotin a cikin cibiyar ƙwaya. A jikinsa saƙonnin gado suke jere, waɗanda ke ɗauke da bayanin rukunin jini, launin fata da sauran abin da ɗa ke gada daga iyaye.

Me ya sa sai an rage adadin zuwa rabi?

Lissafi ne kawai. Da a ce ƙwan mace na zuwa da 46, ƙwayar maniyyi ma da 46, da jariri ya tashi da 92, ɗansa kuma ya ninka haka, abin ya yi ta hauhawa ba iyaka. Da 23 daga uwa da 23 daga uba, adadin yakan koma 46 a kowane ƙarni. Haka yake ga sauran halittu masu barbara. Saniya da akuya kowacce na da 60, tunkiya 54, raƙumi 74, kaza 78, masara da dawa 20, gero 14, wake 22. Dukkansu rabin wannan adadin suke sakawa a ƙwayoyin haihuwarsu.

Cikakken adadin shi ake kira difuloyid, a rubuta shi 2n. Rabin kuma hafuloyid, a rubuta shi n.

Ana ta maganar takwarori da tagwaye. Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan mafi yawan ruɗani yake farawa.

Kuromosom 46 da ke jikinka ba iri 46 ba ne, iri 23 ne, kowane iri guda biyu: ɗaya ka samo daga mahaifiya, ɗaya daga mahaifi. Waɗannan biyun su ne takwarori. Tsawonsu ɗaya, saƙonnin gadon da ke kansu suna jere a gurbi ɗaya, amma abin da ke cikin saƙon yana iya bambanta. A gurbin da ke kula da rukunin jini, misali, na uwa yana iya cewa A, na uba ya ce O.

Tagwaye kuwa daga baya suke samuwa. Kafin mayosis ta fara, a lokacin da ake kira intafes, ƙwaya takan kwafi kowane kuromosom, sai ya zama zare biyu masu kama ɗaya sak, manne da juna, sun fi matsewa a wani ƙugu da ake kira sentiromiya. Kowane zare daga cikin biyun sunansa kuromatid. Hoton kuromosom mai siffar X da ake gani a littattafai, na bayan wannan kwafin ne.

To dukan labarin mayosis shi ne: rabuwa ta farko tana raba takwarori, ta biyu tana raba tagwaye. Duk sauran bayanin da ke ƙasa faɗaɗa wannan jimlar ne.

Me ke faruwa a furofes ta farko, kuma me ya sa ta fi sauran tsawo?

Domin a cikinta ake yin aikin da babu irinsa a wata rabuwa. Kowane kuromosom sai ya nemo takwaransa a cikin cunkoson cibiyar ƙwaya, ya jeru da shi gurbi da gurbi, sannan su yi musayar sassa. A jikin namiji wannan mataki kaɗai yakan ci kusan mako uku, alhali rabuwa ta biyu ba ta wuce 'yan sa'o'i. An kasa shi gida biyar.

A leftotin, kuromosom sukan fara naɗewa har a iya ganinsu kamar siraran zaruruwa. A wannan lokacin wani furotin mai suna Spo11 yakan bi DNA yana tsinka ta da gangan a wurare masu yawa. Abin da mamaki, domin a kowane hali tsinkewar DNA haɗari ne da ƙwaya ke gudu, amma a nan ita da kanta take jawo shi. Tsinkakken bakin zaren yakan shiga neman inda jerinsa ya dace, kuma ta wannan neman ne takwarori ke gane juna a yawancin halittu.

A zaigotin, takwarorin sukan fara manne wa juna ta hanyar wani tsani na furotin da ke ginuwa a tsakaninsu. A fakitin mannewar ta kammala daga wannan baki zuwa wancan. Yanzu kowane ƙulli yana da kuromosom biyu, kuromatid huɗu, kuma a ƙwayar mutum akwai irin wannan ƙulli 23. A nan ake kammala musayar. Yawancin wuraren da aka tsinka akan gyara su ba tare da an sauya komai ba, kaɗan ne ake ɗinkewa a giciye, ta yadda guntun na uwa zai koma jikin na uba, na uba ya koma jikin na uwa.

Ka ɗauki carbi biyu masu yawan 'ya'ya ɗaya, wannan baƙi, wancan fari. Ka tsinka su a daidai ɗa na ashirin, ka ƙulla saman baƙin da ƙasan farin, saman farin da ƙasan baƙin. Ba wanda ya ragu, ba wanda ya ƙaru, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya zauna yadda yake da. Musayar ke nan. A lura cewa tsakanin kuromatid na uwa da na uba ake yin ta. Tsakanin tagwaye ba za ta haifar da sabon abu ba, tunda kama ɗaya suke.

A difulotin tsanin furotin ya warware, takwarorin suna neman rabuwa, amma suna nan sarƙe a wuraren da aka yi musaya. Kowane irin wannan mahaɗi sunansa kayasma. Sai dayakainesis, inda kuromosom ke ƙara dunƙulewa, fatar cibiyar ƙwaya ta watse, zaruruwan da za su ja kuromosom su fito daga ɓangarori biyu na ƙwayar.

Littattafan sakandare sukan ce amfanin musaya shi ne kawo bambanci tsakanin 'ya'ya, kuma gaskiya ne. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne kayasma ce igiyar da ke riƙe takwarori tare har lokacin rabuwa. Takwarorin da ba su yi musaya ko sau ɗaya ba suna iya sakin juna da wuri, kowane ya tafi inda ya ga dama. Shi ya sa a ƙa'ida kowane ƙulli yana samun aƙalla kayasma ɗaya. Hatta X da Y, kuromosom biyu na jinsi da namiji ke da su, duk da ba su yi kama ba, suna da ɗan yanki a bakinsu da ya dace da juna, kuma a nan suke haɗuwa su yi musayarsu.

Daga nan fa? Yaya rabuwa ta farko take ƙarewa?

A metafes ta farko ƙullin nan 23 sukan jeru a tsakiyar ƙwaya, bibbiyu, wannan takwara na fuskantar wannan ɓangare, wancan na fuskantar wancan. Babu dokar da ta ce na uwa duka su kalli gefe ɗaya. Kowane ƙulli yana juyawa yadda ya faɗo masa, ba ruwansa da na kusa da shi.

A anafes ta farko mahaɗan sun sake, zaruruwa sun ja takwarori zuwa ɓangarori biyu. Kowane kuromosom yana tafiya da tagwayensa biyu a manne, sentiromiya ba ta tsage ba. Mai zana wannan mataki a jarrabawa ya tabbata abin da ke tafiya kowane gefe yana da siffar X. Wanda ya zana zare ɗai-ɗai, anafes ta biyu ya zana, ko ta maitosis, wato rabuwar ƙwaya ta yau da kullum da ke sa jiki girma.

A telofes ta farko ƙwayar ta tsuke a tsakiya ta zama biyu, kowacce da kuromosom 23. A nan adadin ya ragu, ba a rabuwa ta biyu ba.

Me ke hana tagwaye rabuwa tun a karon farko?

Wani furotin ne mai siffar zobe, sunansa kohesin, ke ɗaure tagwaye tun daga lokacin da aka kwafe su. Idan anafes ta zo, wani sinadari mai suna sefares yakan yanka zoben. A maitosis yakan yanke abin da ya rage gaba ɗaya lokaci guda. A mayosis kuwa yankan kashi biyu ne. A karon farko zoben da ke hannuwan kuromosom kaɗai ake yankewa, wanda hakan ke sakin kayasma, takwarori su rabu. Na kusa da sentiromiya yana da mai gadi, wani furotin da masu bincike a Japan suka gano a 2004 suka raɗa masa suna shugoshin. Sai a rabuwa ta biyu ake janye gadin, a yanke ragowar.

Abu na biyu shi ne, a rabuwa ta farko tagwayen biyu suna kama zaren da ya fito daga gefe ɗaya, don haka tare ake jan su.

Rabuwa ta biyu fa?

Ba ta da wani sabon abu. Akan ɗan dakata tsakanin rabuwar biyu, a wasu halittun ma ba a dakatawa, amma ba a sake kwafar DNA. A furofes ta biyu zaruruwan ja su sake fitowa. A metafes ta biyu kuromosom 23 su jeru a layi ɗaya, ɗai-ɗai. A anafes ta biyu sentiromiya ta saki, tagwaye su rabu. A telofes ta biyu kowace ƙwaya ta zama biyu, jimla huɗu. Abin lura ɗaya: saboda musayar da aka yi a baya, tagwayen yanzu ba kama ɗaya suke ba, don haka ƙwayoyin huɗu kowacce daban take.

Ina rikicewa wajen ƙirga. Kuromosom nawa ne a kowane mataki?

Ka ƙirga sentiromiya, kada ka ƙirga zare. Kafin kwafi, ƙwayar mutum na da kuromosom 46. Bayan kwafi har yanzu 46 ne, amma kuromatid 92. Bayan rabuwa ta farko kowace ƙwaya na da kuromosom 23, kuromatid 46. Bayan ta biyu, kuromosom 23, kowane zare ɗaya. Inda masu tsara tambayoyi ke ɗana tarko shi ne anafes ta biyu: da zarar tagwaye sun saki juna, kowane ya zama kuromosom mai zaman kansa, don haka na ɗan lokaci akwai 46 a cikin ƙwayar kafin ta tsage.

Mene ne bambancinta da maitosis?

Maitosis ce ke sa yaro ya girma, rauni ya warke, jini da fata su sabunta. Rabuwa ɗaya ce, ƙwayoyi biyu take bayarwa, kowacce kwafin uwar ce da cikakken adadi. Takwarori ba sa neman juna a cikinta, kowane harkar gabansa yake yi. Ciwon daji ma daga lalacewar tsarin maitosis yake tasowa.

Me ya sa 'yan uwa ciki ɗaya, uba ɗaya, ba sa kama ɗaya?

Saboda jeruwar nan ta metafes ta farko. Kowane ƙulli na da hanya biyu da zai iya juyawa, ƙullin kuma 23 ne. Idan ka ninka 2 da kanta sau 23 za ka samu 8,388,608. Iri-irin ƙwan da mace ɗaya za ta iya samarwa ke nan, namiji ma haka. Idan aka haɗa na miji da na mata, adadin ya haura tiriliyan 70. Wannan kuma ba a saka musayar fakitin a lissafi ba, wadda ke sa kusan kowane kuromosom da ka ba ɗanka ya zama gaurayen na mahaifinka da na mahaifiyarka.

A matsakaici, wa da ƙane suna tarayya a rabin abin da suka gada, wasu sama da haka, wasu ƙasa. Tagwayen da ke kama ɗaya sak daga ƙwai ɗaya da maniyyi ɗaya suka fito, bayan haɗuwa ne tayin ya rabu biyu. Waɗanda ba sa kama kuwa ƙwai biyu ne da maniyyi biyu, kusancinsu daidai yake da na sauran 'yan uwa.

Yadda take faruwa a jikin namiji haka take a jikin mace?

Matakan ɗaya ne, amma lokaci da sakamako sun sha bamban ƙwarai.

Namiji sai ya balaga mayosis ke farawa a jikinsa, daga nan kuma ba ta tsayawa har tsufa. Kowace ƙwaya da ta shiga takan ba da ƙwayoyin maniyyi huɗu, kuma daga farkon aikin zuwa kammaluwar ƙwayar maniyyi akan ɗauki wata biyu da 'yan kwanaki. Miliyoyi ake samarwa kullum.

Mace kuwa tun tana cikin mahaifiyarta ƙwayoyin ƙwanta suka fara mayosis. Wajen wata na biyar na ciki adadinsu yakan kai miliyan 6 zuwa 7, kafin haihuwa ya sauko zuwa miliyan 1 zuwa 2, a lokacin balaga ya rage kimanin 300,000 zuwa 400,000. Dukkansu sun yi musayarsu tun a ciki, sannan suka tsaya cak a difulotin. Haka za su zauna shekara da shekaru. Bayan balaga, a kowane zagayen al'ada, yawanci ƙwai ɗaya ne ke kammala rabuwa ta farko, gab da fitowarsa daga gidan ƙwai. Sai ya sake tsayawa a metafes ta biyu, kuma ba zai ƙarasa ba sai ƙwayar maniyyi ta shige shi. Idan ba ta zo ba, haka zai lalace bai gama mayosis ba. A tsawon rayuwar mace, waɗanda ke fitowa ba su wuce 400 zuwa 500 ba.

Rabon ma ba daidai ake yin sa ba. A kowace rabuwa ƙwaya ɗaya ce ke kwashe kusan duk abincin da ke ciki, ɗayar kuma 'yar mitsitsiya ce da aka zuba wa rarar kuromosom aka ajiye a gefe har ta shanye. Don haka mace ƙwai ɗaya take samu, ba huɗu ba. Akwai hikima a nan, domin da wannan guzurin tayi zai rayu a kwanakinsa na farko kafin ya kama jikin mahaifa.

Wa ke da alhakin haihuwar namiji ko mace?

Mace na da X biyu, don haka duk ƙwan da ta samar X ne a cikinsa. Namiji na da X da Y, waɗanda ke rabuwa a anafes ta farko, sai rabin maniyyinsa ya ɗauki X, rabi ya ɗauki Y. Idan mai X ya riga isa, mace za a haifa. Idan mai Y ne, namiji. Matar da ake yi wa gori a gidan miji, ko a yi mata kishiya don ta jera 'ya'ya mata, ana tuhumarta ne da abin da jikinta ba shi da hanyar zaɓa. Shi ma mijin ba laifinsa ba ne, domin ba shi da iko a kan wanda zai riga isa cikin miliyoyin.

Me ke faruwa idan rabon bai tafi daidai ba?

Wani lokaci takwarori biyu, ko tagwaye biyu, sukan tafi gefe ɗaya. Sai wata ƙwaya ta samu 24, wata 22. Idan irin wannan ta shiga cikin haɗuwa, tayin zai kasance da 47 ko 45. Mafi yawan irin wannan ciki ba ya zama. Kimanin rabin ɓarin da ake yi a watanni uku na farko daga matsalar kuromosom yake, ba daga wani aiki da matar ta yi ko abin da ta ci ba. Ya kamata ma'aurata su san wannan, domin mata da yawa kan ɗora wa kansu laifin da ba nasu ba.

Kaɗan ne ke kaiwa ga haihuwa. Wanda aka fi sani shi ne larurar Down, inda kuromosom na 21 ya zama uku. Likitan Ingila John Langdon Down ne ya bayyana alamominta a 1866, amma sai a 1959 Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka nuna a birnin Paris cewa ƙarin kuromosom ne sanadi. Tana samun kusan jariri 1 cikin 700 zuwa 1,000. Akwai larurar Edwards, ta kuromosom na 18, da ta Patau, ta na 13, waɗanda suka fi tsanani. Akwai kuma ta Turner, inda mace ke da X ɗaya tak, da ta Klinefelter, inda namiji ke da X biyu da Y ɗaya, wanda sau da yawa ba a gane ta sai an je neman haihuwa.

Da gaske ne shekarun uwa na ƙara haɗarin?

Gaskiya ne. Ga larurar Down, mai shekara 25 haɗarinta kusan 1 cikin 1,200 ne, mai 35 kusan 1 cikin 350, mai 40 kusan 1 cikin 100, mai 45 kusan 1 cikin 30. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarin kuromosom ɗin daga ƙwai yake fitowa.

Dalilin yana cikin dogon jiran nan. Ƙwan da ya fito daga jikin mai shekara 40, shekara 40 ke nan yana tsaye a difulotin. Bincike, musamman a kan ɓeraye, ya nuna cewa zoben kohesin tun a ciki ake ɗaura shi kuma ba a sabunta shi, sai ya yi ta saki a hankali. Idan ya saki, kayasma ba ta da abin riƙewa, takwarori su rabu kafin lokaci.

Sai dai a karanta alƙaluman da kyau. Ko a shekara 40, 99 cikin 100 ba sa haifar jariri mai wannan larurar, kuma matasan mata ma suna haifa. Wadda ke da damuwa ta yi magana da likita a wajen awo, akwai hoton ciki da gwajin jini da ake yi domin wannan.

Sikila ma kuskuren mayosis ce?

A'a. Mai sikila kuromosom ɗinsa 46 ne cif. Matsalar tana cikin saƙon gado ɗaya da ke kan kuromosom na 11, wanda ke kula da sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Mayosis aikinta kawai take yi na rabo. Mai AS yana da A a kan takwara ɗaya, S a kan ɗayan, sai rabin ƙwayoyin haihuwarsa su ɗauki A, rabi S. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da kashi 25 cikin 100 na zama SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA.

Maganar da ake yawan ji cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai yi sikila, don haka in an haifi mai ita sauran ukun sun tsira, kuskure ce mai tsada. Kowane ciki sabon rabo ne, bai san abin da ya faru a na baya ba. Akwai gidan da huɗun duka SS ne, akwai wanda babu ko ɗaya. Auren zumunci ma ba ya ɓata mayosis. Abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar miji da mata su kasance sun gaji ɓoyayyen saƙo iri ɗaya daga kaka ɗaya. Gwajin jini kafin a kai ga sa rana shi ne abin yi.

Me ya sa alfadari ba ya haihuwa?

Doki na da kuromosom 64, jaki 62. Goɗiya ta ba da 32, jaki ya ba da 31, alfadari ya tashi da 63. Maitosis ba ta damu da wannan ba, tunda ba ta buƙatar takwarori su haɗu, shi ya sa alfadari ke girma da ƙarfinsa har ya fi iyayensa juriya. Amma idan aka zo furofes ta farko, kuromosom na doki da na jaki sun bambanta a tsari ta yadda ba sa iya jeruwa da kyau, sai aikin ya tsaya. Nadiran akan samu alfadara ta haihu, amma abin labari ne.

Ayabar da muke ci ma haka. Tana da kuromosom 33, wato kowane iri guda uku, kuma uku ba ya rabuwa biyu daidai. Shi ya sa ba ta da iri a cikinta, sai dai a dasa 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta.

Me ya sa ake hana manomi sake shuka irin masarar da aka yi wa aure?

Manoma da yawa na zargin dabarar 'yan kasuwa ce don a riƙa saye duk shekara. Kamfanoni suna cin riba da hakan, babu musu, amma maganar tana da tushe. Irin haibirid ana samun sa ne daga auren tsatso biyu daban, kowanne tsantsa. Duk ƙwayar da ke cikin buhun tana da takwara ɗaya daga wannan tsatso, ɗaya daga wancan, shi ya sa gonar ke tashi bai ɗaya, ta yi yabanya mai kyau. Da waɗannan tsirrai suka yi fure, mayosis ta gauraya takwarorin ta raba su. Abin da ka girbe ka ajiye, kowace ƙwaya da nata haɗin. In ka shuka shi baɗi, sai ka ga wani kara dogo wani gajere, wani ya nuna wani bai nuna ba, amfanin kuma ya ragu. Irin gargajiya da ingantaccen irin da ba haibirid ba, su ana iya ajiye su a sake shukawa.

Su wa suka gano duk wannan?

Ba mutum ɗaya ba ne. Bajamushe Oscar Hertwig ya fara lura da al'amarin a 1876 cikin ƙwan bushiyar teku. A 1883 Edouard Van Beneden na Beljiyam, yana nazarin wata tsutsar cikin doki mai kuromosom huɗu kacal, ya ga ƙwai na kawo biyu, maniyyi biyu. August Weismann ya yi hujja a 1887 cewa dole a samu rabuwar da ke rage adadi. A 1902 Walter Sutton na Amurka, daga nazarin marainan fara, ya danganta rabuwar takwarori da dokokin gado da Gregor Mendel ya fitar a 1866. Sunan da ake kiran ta da shi ya fito a 1905 daga Farmer da Moore na Birtaniya.

Musaya kuwa, Thomas Hunt Morgan ya hango ta a 1911 daga gwajin ƙudan 'ya'yan itace, amma sai a 1931 Harriet Creighton da Barbara McClintock suka tabbatar da ita da ido a kuromosom na 9 na masara. Adadin na mutum ma an daɗe ana rubuta 48 a littattafai, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga da kyau a birnin Lund na Suwidin suka samu 46.

Za a iya ganin mayosis a ɗakin gwaji na makaranta?

Za a iya, in akwai madubin maikuroskof mai kyau da ruwan rini irin su asetokamin. Sai dai bakin saiwar albasa da aka saba amfani da shi maitosis kaɗai yake nunawa. Mayosis sai an nemi furen albasa tun yana ƙanƙane bai buɗe ba, a ciro jakar da ke yin ƙurar fure, a ɗiga mata rini a kan gilashi, a rufe da siririn gilashi a danna a hankali. Albasa na da kuromosom 16, don haka ƙulli 8 za a nema. Marainan namijin fara ma suna aiki, kuma kuromosom ɗinsu manya ne. Yawancin ƙwayoyin da za a gani suna furofes ta farko, tunda ita ta fi cin lokaci. Idan abin da aka tarar ƙwayoyi ne hurhuɗu a dunƙule, ko ƙurar fure da ta riga ta ƙosa, furen ya girma da yawa, sai a ɗauko wanda bai kai shi ba.